Hayaƙin Da Ake Yi Saboda Ni

Assalamu alaikum. Ban iya doguwar gaisuwa ba, kun sani. Yau da babban yatsa ɗaya nake buga wannan rubutu, sauran hannun a naɗe yake da tsumma. Za ku ji dalili in kun yi haƙuri.

Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin rubutuna na baya ta ce, "Yuguda ka haƙura mana, mata sun ƙare ne?" Ba su ƙare ba, 'yar'uwa. Sakina ce dai guda ɗaya.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Yuguda. Ƙauyenmu yana kan hanyar Shanono, irin garin da gonar wani take ƙarewa a gindin katangar wani, in ka yi tari a gonarka maƙwabci ya ce maka sannu. Na gama sakandare, ban wuce nan ba. Ina noma 'yar gonar da Baba ya bari, ina cajin waya da sola a wata rumfa a bakin kasuwa. Shekarun nan kun san su. Takin zamani ya fi ƙarfinmu, mun koma bin turken awaki da kwando. Gidaje da yawa an daina ɗora tukunyar rana, ba wanda yake tambayar wani dalili.

Sakina bazawara ce. Mijinta Khalilu ya rasu a hatsarin mota wajen kai albasa kudu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Luba, wadda yanzu take cikin shekara ta huɗu. Ta dawo gaban mahaifiyarta, Inna Kaltume. Ni na fara zuwa zance tun farkon damina. Luba ta saba da ni har ta sa mini suna Baffa. Da ta ji sallamata sai ta rugo zaure ta haye cinyata, ta ce in nuna mata raƙumi a waya.

Matsalar ita ce, duk ranar da na je, Luba ba ta wayar gari lafiya. Ƙirjinta ya riƙa fito kamar usur ɗin da ya sha ruwa. Haƙarƙarinta su riƙa lotsawa, ta kasa kwanciya sai a zaune, leɓenta ya yi toka-toka. Ranar da ban je ba kuwa, da sauƙi.

Da farko ba wanda ya haɗa biyun. Inna Kaltume ce ta haɗa.

Mahaifiyata ba 'yar garin nan ba ce. Baba ya auro ta daga can gabas lokacin da yake ci-rani, ba wanda ya taɓa ganin danginta. Ni kuma ba ni da surutu. Ina kallon mutum in yi shiru. A garinmu waɗannan biyun sun isa. Kafin a yanke gero maganar ta zaga har bakin rijiya: Yuguda maye ne, a nono ya sha, ya kama kurwar marainiya.

Na fara gani a rumfa. Wayoyin da ake kawowa caji suka ragu. Wata mata ta zo karɓar tata da yaro a hannu, da ta ga na dube shi sai ta juya masa fuska ta rufe shi da gefen hijabi. Na miƙa mata wayarta ta tafi.

Sai ga Malam Abdussalam. Ƙanen Inna Kaltume ne, kawun Sakina, shi yake da makarantar allo ta bayan masallaci, kuma shi ne waliyyinta tun da mahaifinta ya rasu. Ya zauna a bencina, ya daɗe yana gyara bakin rawaninsa.

"Yaya Kaltume ta aiko ni," ya ce. "Ba da son raina na zo ba."

"Ina ji, Malam."

"Ta ce in kana son maganar aure ta ci gaba, ranar Juma'a bayan an sauko ka zo ka tsallaka yarinyar. A gaban mutane."

Ku 'yan birni wataƙila ba ku sani ba. A nan in an ce wani ya kama kurwar wani, kwantar da marar lafiyar ake yi, wanda ake zargi ya tsallaka shi, wai ya sake ta ke nan. Duk wanda ya tsallaka ya amsa laifi. Kuma ba kansa kaɗai ya amsa wa ba. Ya amsa wa uwar da ta shayar da shi, da duk wanda ya sha nonon. Ina da ƙanne mata biyu a gida, Asama'u da Zulaihatu, ba wadda ta yi aure.

In na tsallaka, na binne gidanmu. In na ƙi, na rasa Sakina.

Da na koma na sami mahaifiyata tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta riga ta ji. Ba ta ɗago ba.

"Tun ina amarya suke faɗa," ta ce. "Na ɗauka sun gaji. Ka bar musu 'yarsu, Yuguda."

"Ba zan bari ba, Umma. Kuma ba zan tsallaka ba."

"To me za ka yi?"

Ban sani ba a lokacin. Amma ina da waya, ina da wuta kyauta. Na yi ta bincike har idona ya yi zafi. Duk abin da na karanta ya yi kama da asma. Na ga kuma ana iya ɗibar jinin yaro a duba, a ga alamar ko akwai kumburi a jikinsa, da irin kumburin. Na tura wa Sakina saƙo.

"A kai Luba asibiti a Kano a gwada jininta."

Ta amsa: "Bari in faɗa wa Inna."

Can sai ga saƙon murya. Sakina na magana ƙasa-ƙasa, a bayanta kuma ina jin Inna Kaltume tana tafa hannu. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Kurwar ba ta ishe shi ba, yanzu jininta yake nema!"

Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a rumfa. Irin dariyar da ba daɗi a cikinta. Wanda ake kira maye ya aika neman jinin yarinya. Ni da bokona, ban ma hango ba.

Malam Abdussalam ne ya raba gardamar. Sakina ta ba ni labari cewa ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Yaya, ni ban taɓa ganin kurwa ba, jini kuwa na sha gani. Ni zan kai ta da hannuna." Inna ta yarda bisa sharaɗi ɗaya, kada in bi su.

Ban bi su ba. Motar da ta biyo tasu na hau.

Sun sauka a Bacirawa wajen wata gwaggon Sakina, daga nan suka wuce asibiti. Ni na tsaya a gindin darbejiya a waje, ina hango Sakina ta taga a layi, da hijabinta ruwan ƙasa mai ɗinkin hannu a gefe, Luba a kafaɗa. Na ji ihun Luba lokacin da aka soka allurar. Na juya baya. Aka ce su jira sakamako sai bayan azahar.

Da aka kira su, Malam ya leƙo waje kamar ya san inda nake tun safe.

"Kai, ɗan boko. Shigo. Kunnena ba ya riƙe irin wannan karatun."

Likitar mace ce, babba, da tabarau a karan hanci. Ta sa abin awo a bayan Luba ta daɗe tana saurare, sannan ta dubi sakamakon.

"Akwai abu biyu da muka duba," ta ce. "Na farko wani sinadari ne da yake hawa a jini idan ƙwayar cuta ta shiga jiki tana ɓarna. Nata bai hau ba. Na biyu, a cikin fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, akwai wata runduna da take yawa idan jiki yana faɗa da abin da bai kamata ya yi faɗa da shi ba, kamar ƙura ko hayaƙi ko gashin dabba. Nata sun yi yawa. Idan aka haɗa da wannan fiton da nake ji, da yadda abin yake zuwa ya tafi, ya fi kama da asma. Hanyoyin iskarta ne suke kumbura su tsuke."

"To wa ya jawo?" in ji Malam.

Ta cire tabarau. "Malam, jini ba ya faɗin suna. Tsutsar ciki ma tana sa waɗannan ƙwayoyin su yi yawa, don haka zan ba ta maganinta. Sauran amsar tana gidanku. Wane lokaci ciwon ya fi tashi?"

Malam ya dubi silin. Sakina ta dubi yatsunta masu jan lalle.

Ni na ce, "Ranar da na je."

"Kai ne wa?"

"Mai nemanta."

"Kana shan taba?"

"A'a."

"Injin niƙa? Kiwon kaji, tattabaru?"

"Caji nake yi."

"Kana zuba turare in za ka?"

"Ba ni da shi, likita."

Ta ɗan murmusa, ta juya wajen Sakina. "Kafin ya zo, yarinyar tana ina?"

"Tana ɗaki tare da ni."

"Kina me?"

"Ina shiri."

"Wane irin shiri?"

Sakina ta ja hijabi har kan hanci. Malam ya yi gyaran murya, ya ce bari ya je ya duba ko an yi la'asar, alhali ba a daɗe da yin azahar ba. Sai da ya fita sannan ta yi magana, da ƙyar ake ji.

Ashe duk ranar da na ce zan zo, tun da rana take ɗibar garwashi a kasko ta shiga ɗaki. Ta rufe ƙofa, ta toshe taga da tsumma don kada ƙamshin ya gudu. Ta zuba turaren wuta, ragowar na aurenta na fari da ta ɓoye a kwalba, ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kai, ta baza atamfarta da mayafi. Luba kuma ba ta yarda a bar ta a waje. Ita ma sai ta kawo 'yar rigarta ta ce a turara wa Baffa. Su zauna a cikin hayaƙin nan su biyu har kaya su kama.

"Bayan ya tafi fa?" likita ta tambaya.

"Inna tana yi mata hayaƙin tsari. Tazargade da hulba. Tun da aka fara maganar nan ta ƙara da barkono. Ta lulluɓe ta da zani."

"Barkono," likita ta maimaita. Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Ban ce shi kaɗai ba ne. Amma ku cire hayaƙin nan gaba ɗaya ku gani." Ta rubuta abin shaƙa, ta nuna wa Sakina yadda ake fesa wa yaro, ta ce in numfashin ya yi tsanani kada a jira komai, a kawo ta.

Ni ban ji sauran ba. Ina tuna ƙamshin nan ne. Duk zuwana shi yake fara taryata a zaure kafin ita ta fito, har nakan tafi da shi a rigata in ƙi wanke ta. Ban taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. A shekarar da mutane suke auna gishiri, ita tana ƙona abin da ya rage mata saboda ni.

Inna Kaltume ba ta yi kuskure duka ba. Saboda ni ne.

Amma kun san tsofaffi. Da aka koma aka yi mata bayani, Sakina ta ce ko tsayar da tankaɗen da take yi ba ta yi ba.

"Turaren da aka yi mini, aka yi wa uwata, shi ne yau ya zama cuta? Likitar ta ga jini, ta ga kurwa? Juma'a tana nan."

Ranar Laraba na tura wa Sakina saƙo.

"Gobe Inna za ta fita?"

"Za ta barka gidan Ɗan Iya bayan azahar. Lafiya?"

"Zan zo. Kada ki faɗa mata. Kada ki yi shiri."

"Ban gane ba."

"Ba turare. Ba kasko. Yadda kike."

Ta daɗe tana rubutawa tana gogewa, ina kallo. Sannan: "In fito maka da warin daddawa?"

"Haka nake so."

"Kai dai Allah ya shirye ka."

Jiya Alhamis bayan la'asar na sa kaftanina shuɗi wanda ya koɗe a kafaɗa, na biya ta makarantar allo na ɗauki Malam, don ba na son a ce na shiga gidan mutane a ɓoye. Muka shimfiɗa tabarma a zaure. Sakina ta fito da zanin aiki da wani tsohon hijabi mai tabon manja, hannunta kore shar da zogalen da take tsinka. Ta ƙi dubana. Ni kuwa ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba, amma wannan ban faɗa mata ba, ku na faɗa wa.

Luba ta rugo. "Baffa! Raƙumi!"

Ta haye cinyata. Muka kalli raƙumi har ta gaji, ta kwantar da kai a ƙirjina, barci ya ɗauke ta. Na sa tafin hannuna a bayanta. Iska na shiga, iska na fita. Ba fito. Maƙwabta suka fara wucewa ta ƙofar zaure, kowa da uzurinsa, mai neman akuya, mai aron turmi. Ba wanda ya koma.

Sai ga Inna Kaltume da gyale a kafaɗa da ƙullin goron barka. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dube ni, ta dubi jikarta a ƙirjina. Goron ya faɗi.

"Innalillahi. Abdussalam, kana zaune?"

"Yaya, ki saurara tukuna."

Ba ta saurara ba. Ta wuce cikin gida da sauri irin wanda ban san tana da shi ba. Na ji ƙarar murhu, na ji tana hura wuta. Sakina ta bi ta tana "Inna don Allah, Inna don Annabi." Kafin ta fito warin ya riga ta isowa. Malam ya fara atishawa.

Ku fahimce ni. Tun da na fara zuwa gidan nan ban taɓa haɗa ido da matar nan ba. A durƙushe nake gaishe ta, kaina a ƙasa. Surukar da kake nema ba a tsaya mata a gaba.

Na miƙa wa Malam yarinyar. Na tashi. Na tare ƙofar da ta shigo zaure daga cikin gida.

Ta iso da kasko a kan tsumma, hayaƙi fari yana tashi, idanunta ita kanta suna zubar da ruwa.

"Matsa."

"Inna, ki yi haƙuri."

"Na ce ka matsa, ɗan mayya!"

Na sa hannu biyu na ɗauke kaskon daga kan tsumman. Na ƙasa ne, ya sha wuta. Na ji fatata ta kama, amma ban sake ba. Na bi ta gefenta na shiga tsakar gida, na kai shi can bayan rumbu, na kifa a yashi, na tura ƙasa da ƙafa na rufe.

Da na dawo zauren ya yi tsit. Har waɗanda suke waje sun daina neman akuya. Na durƙusa a gabanta yadda na saba, hannuwana a buɗe don ba sa rufuwa.

"Inna, na yi miki rashin kunya, ki yafe mini. Amma ga ta nan. A jikina ta yi barci, ba turare, ba hayaƙi. Ki bar ta haka. In ciwon ya tashi, gobe bayan Juma'a zan zo in tsallaka ta a gaban duk garin nan. Ba sai kin aiko ba."

Sakina ta ce, "Yuguda!" Ta san abin da na ɗora a kai. Umma, Asama'u, Zulaihatu. Na san kuma likita ta ce jini ba ya faɗin suna, ta ce wataƙila ba hayaƙin kaɗai ba ne. Da sanina na faɗa.

Inna Kaltume ta daɗe a tsaye. Sannan ta zauna a tabarmar, abin da ba ta taɓa yi ba ina wurin. Ta karɓi Luba daga hannun ƙanenta, ta kwantar da ita a cinya, ta sunkuya ta manna kunnenta a bayan yarinyar.

Aka kira magariba. Malam bai motsa ba sai da ladan ya kai ƙarshe. Ita kuwa ba ta ɗago ba. Ina kallon ɗankwalinta yana hawa yana sauka tare da numfashin Luba, a hankali, a hankali.

Da ta ɗago, ba ni ta duba ba.

"Sakina."

"Na'am, Inna."

"Ɗauko man kaɗen nan na cikin kwalla, ki ba kawunki ya shafa masa. Kada ya je gida a ce a nan muka ƙona shi."

Sakina ta tashi da gudu, har tana tuntuɓe da bakin hijabi.

"Kai kuma," Inna ta ce, tana gyara wa Luba riga, "yini ɗaya ba ya isata. Gobe ka dawo ka zauna a nan inda ka zauna. Jibi ma haka. Ni zan riƙa saurare da kunnena, ba da na likita ba."

"Tsallakar fa, Yaya?" in ji Malam.

"Ban ce na janye ba. Na ce ya dawo."

Yau Juma'a. Da asuba saƙon Sakina ya shigo: "Ta kwana lafiya. Inna ba ta bar ta ta kwana a ɗakina ba, a ƙirjinta ta kwantar da ita." Can kuma wani: "Kwalbar turaren na ba Kawu ya ajiye mini a makaranta. Ka saba da daddawa."

An sauko daga masallaci yanzu. Mutane sun fi na jiya yawa a ƙofar gidan, daga nan rumfa ina hango su. Umma ta wanke mini kaftanin, Zulaihatu ta sa mini maɓalli don yatsuna ba sa iyawa. Zan rufe rumfa in tafi in zauna inda aka ce in zauna.